Muryar Inna da Gangar Baba

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Saratu da yara. Ya aiki, ya sanyin Jos? Mu nan Rikoto lafiya lau, mun gode Allah.

Waƙar girbin da ka roƙa in ɗaukar maka, na sa Inna ta rera, na ɗauka da wayata a ɗakinta. Da na zo haɗawa a kwamfuta, sai na ɗora mata wani kiɗa da na sauke daga intanet, irin mai maimaita kansa. Inna ta saurara, ta ce, "Rifkatu, wannan makaɗin ba ya numfashi ne? Ko yawu bai bari na haɗiye ba."

Baba na jin mu daga tabarma. Ka san tun ciwon hannunsa bai taɓa ganga ba. Sai ya ce in miƙo masa ita. Ya bi muryar Inna da kiɗa a hankali, inda ta tsaya ya jira ta. Na ɗauka da wayata, na cire wancan kiɗan, na sa nasa.

Zan turo maka. Za ka ji tarin Baba a tsakiya, da gangan na bar shi.

Ka sa hannunsa a addu'a. Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Rifkatu