An Kewaye Tafkin Marke

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Zafi yau kamar an kife mana tukunya. Ba wuta tun ranar Sallah. Ƙarfen keken ɗinkina ma ba ya taɓuwa da rana. Bayan 'yata Shahida duk ƙurajen zafi, ta sosa har ya yi jini. Ƙaninta Musaddiƙ kuwa ya ƙi riga, sai kuka.

Da la'asar na ce su bi Zara, 'yar maƙwabciyata Tasalla, su je Tafkin Marke kamar kowace bazara. Shi kaɗai ne ba ya ƙafewa a gefen nan namu na Kazaure, don idon ruwa ne a gindin dutse. A nan ni ma na koyi iyo. Ba a jima ba sai ga su sun dawo a bushe.

Shahida ta ce, "Umma, an kewaye tafkin da waya. Wani mutum da sanda ya ce sai da tikiti."

Tikitin me? Wai na shiga ruwa.

Gonar da tafkin yake ciki ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Da aka raba gado ta faɗa rabon Yaya Lado. Tun kafin azumi nake jin ana kai siminti wurin, na ɗauka rumbu yake ginawa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na je gidan Yaya. Falonsa fanka biyu na juyawa, sola ya sa. Ya ce, "Saude, zauna ki sha ruwa." Na tsugunna na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tambaya.

Bayani dai akwai shi. Ya kwashe laka da fasassun kwalabe. Ya yi matakala. Ya gina kwami na siminti, wurin wankan ƙananan yara, da ruwan famfo. Ya kafa rumfuna. Allon da ya rataya ma ya nuna mini a wayarsa: Wurin Shaƙatawar Iyali. Iyalin wa?

Na ce, "Yaya, Baba bai taɓa tare hanyar nan ba. Ko shuka aka yi, sai ya bar wa yara turba."

Ya ce, "Idan ɗan wani ya nutse a gonata, wa za a kama? Ke?" Can kuma ya sassauta murya. "Naki su riƙa zuwa ta baya. Na gaya wa maigadi."

Na ce, "Na Tasalla fa?"

"Tasalla ƙanwata ce?"

Na tashi. Ruwan da aka kawo mini yana nan a kofi yadda aka ajiye shi.

Talata, 8 ga Afrilu

Na ba Tasalla labari tana suyar awara a zaure. Ta ajiye matsami ta dube ni. "Wallahi Maman Shahida, kin cika 'yar halak." Na ce mata ko dai yaran unguwa duka su shiga, ko nawa ma ba za su taka wurin ba. Da bakina na faɗa. Har na ji daɗin kaina.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Mu mata muka haɗu muka je wajen mai unguwa. Ya saurare mu yana fifita da kwali. Ya ce gona tana da takarda, mai gona yana da iko, mu yi haƙuri, damina ta kusa. Muka kamo hanyar gida. Wasu sai satar kallona suke, kamar ni na sayo wayar.

Litinin, 14 ga Afrilu

Babban bahon wanki na cika a tsakar gida, yara suka riƙa shiga bi da bi. Nawa, da Zara, da wasu da ban ma san gidajensu ba. Ihu har bakin titi. Kafin a ce me ruwan ya zama kunun ƙasa. Ɗan ga-ruwa ya sake ƙara kuɗin jarka, wai layin famfo ya yi tsawo. Ba zan iya wannan kullum ba.

Baban su Shahida ya kira daga Babura, lodi ya riƙe su a bakin iyaka. Ya ce, "Ki bar su su je wajen kawunsu mana. Ke da wa kike faɗa?" Shi a mota yake, iska na kaɗa shi.

Asabar, 19 ga Afrilu

An ce akwai rafi ta hanyar Roni da har yanzu yake da ruwa, kuma ba mai hana kowa. Ni da Tasalla muka haɗa kuɗin adaidaita, muka ɗauki yara da ƙullin awara da tabarma. Shahida har da sabulu mai ƙamshi ta saka a leda.

Yashi muka tarar. Yashi fari fat, da kashin shanu. Wasu Fulani sun tona rami a tsakiyar rafin suna kwarfar ruwa da ƙwarya suna ba maruƙa. Yara suka tsaya cirko-cirko a bakin ramin. Musaddiƙ ya riga ya tuɓe tun a adaidaita.

Wata dattijuwa a cikinsu ta dube mu ta gane. Ta kira yaran ɗaya-ɗaya ta zuba wa kowa ƙwarya guda a ka, a hankali, tana shafa musu baya. Zara ta rufe ido tana dariya. Da ta gama ta ce, "Sauran na dabbobi ne, ku yi haƙuri."

Mun ci awara a gindin wata ƙaya marar inuwa. Sabulun Shahida ya narke a ledarsa.

Da muka shigo gari, motoci jere a ƙofar tafki, masu lambar Kano. Ana jin ihun 'ya'yan mutane daga titi. Musaddiƙ ya miƙa wuya yana kallo har muka sha kwana.

Litinin, 21 ga Afrilu

Yara sun gano kududdufin bayan masu buga bulo. Ruwan kore ne shar, ledoji na yawo a kai. Na hana. Na san suna zuwa. Na san na sani.

Laraba, 23 ga Afrilu

Musaddiƙ ya taka fasasshiyar kwalba a kududdufin. Zara ce ta goyo shi har gida, jini na bin zanenta. Tafin ƙafar ya buɗe kamar an yanka da wuƙa. Na ɗaure da ɗankwalina, ya jiƙe nan take. Wayar babansu ba ta shiga. Ba ɗan acaɓa ko ɗaya a layin, rana ta kore su.

Na kira Yaya.

Ya zo da kansa. Ya ɗauki yaron a kan farar shaddarsa, bai ko duba ba. A asibiti aka yi ɗinki, aka yi allura. Shi ya riƙe masa kai yana cewa, "Namiji ne kai, dubi Kawu." Ni ina jingine da bango.

Bai ce "na gaya miki" ba. Da ya faɗa da na samu abin yin faɗa a kai.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zazzaɓi. Ƙafa ta kumbura. Ban ɗinka ko maɓalli ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Zazzaɓin ya sauka, alhamdu lillahi. Yaya ya zo dubiya da kankana. Yana fita ya tsaya a zaure ya ce matan da ke zuwa tafki ranar Lahadi, ranar mata da yara, suna ƙorafin maigadi namiji. Yana neman mace mai hankali ta zauna a ƙofa, ta karɓi tikiti, ta sa ido a kan kwami. "Ba roƙonki nake ba. Aiki ne. Ki zo da yaranki su yi wasa kina kallonsu, ya fi a ɗauko miki su a goye."

Na ce zan yi tunani. Wallahi na so in ce a'a. Musaddiƙ yana ɗaki yana cin kankana, ƙafa a naɗe.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na gaya wa Tasalla. Na ce idan ina ciki ai zan fi iya yi wa yaran unguwa hanya. Ta ce, "Haka ne." Ta ci gaba da juya awara. Sau biyu ta ce haka ne, ba ta ɗago ba.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ranar farko. Kujerar roba, ƙaramin tebur, inuwar marke. Marken nan da muke rataye zannuwanmu muna yara, yanzu an shafa wa gindinsa farin fenti.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Ruwan kwami har ƙasansa ake gani. Shahida ta shiga ta ƙi fita sai da yatsunta suka yamutse. Musaddiƙ na zaunar da shi a baki, na ɗaure ƙafar da leda, yana watsa wa kansa da moɗa. Rabon da in ji ya yi irin wannan dariya tun kafin azumi.

Matan Kano suna ce mini "Hajiya". Wata ta ba ni ragowar shinkafa a kula.

Da yamma ta yi baƙi suka ragu, na aika Shahida ta kira Zara. Na shigar da ita ta gefen teburina. Ta shiga ruwan a hankali kamar mai tsoron ta ɓata shi. Na ji sanyi a raina. Ashe ana iya yi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Zara ta zo da ƙannenta. Ƙannen suka zo da abokansu. Na shigar da na farko, na biyu, sai na ga layi har bakin turba, duk ƙafa ba takalmi. Wata baƙuwa mai gilashi ta tsame 'yarta daga kwami ta ce ita kuɗi ta biya, ba ta zo a haɗa mata 'ya da masu ƙuraje ba. A gabana ta kira Yaya.

Ya zo ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba. "Saude, kin ga mai gyaran famfo, da maigadi, da ke kanki, duk daga ƙofar nan kuke ci. Idan baƙi suka daina zuwa, rufewa zan yi. Sai kowa ya koma kududdufi."

Na so in ce masa 'yata ma da ƙuraje ta fara shiga. Sai na duba bayan Shahida. Sun warke. Sumul.

Alhamis, 15 ga Mayu

An kwance wa Musaddiƙ ƙafa. Yana takawa a ɗingishe. Tambayarsa ta farko, "Umma, ranar Lahadi zan shiga gaba ɗaya?"

Tasalla ta leƙo ta yi barka daga bakin zaure. Ta ce tana da mai a wuta.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na ce wa Zara ta riƙa zuwa ita kaɗai, kuma sai bayan la'asar. Ita kaɗai ta zo. Ƙannenta suka tsaya a bayan waya suna kiran sunanta. Ba ta daɗe ba ta fito ta ce ta ƙoshi.

Ni me zan yi? Unguwa guda ba za ta shiga kwami ɗaya ba. Iyayensu ma ai suna gani.

Laraba, 21 ga Mayu

Hadari ya taso ta gabas, ya yi ta cika baki, ya watse. Ko ɗigo.

Lahadi, 25 ga Mayu

Cika sosai yau. Har daga Gwiwa wata makarantar Islamiyya ta kawo 'yan mata a bas. Ban zauna ba tun hantsi. Yaya ya ce da ni wurin ya fi tsari, zai ƙara mini ranar Asabar.

Zara ta zo bayan la'asar, ta naɗe zanenta a hammata. Baƙuwa mai gilashi tana zaune a rumfar kusa da ni. Shahida daga cikin ruwa tana ɗaga hannu, "Zara! Zara, shigo!"

Na ce mata yau an cika, ta dawo wani satin.

Ta leƙa ta gefena. Bas ɗin Gwiwa ta riga ta tafi, kwamin kusan ba kowa. Ta dube ni. Ta ce, "To, Umma." Ta durƙusa ta yi mini sallama kamar kullum, ta juya.

Yarinyar nan ce ta goyo mini Musaddiƙ. Na sani. Ba sai an tuna mini ba.

Shahida ta ƙi yi mini magana a hanya. Za ta huce, yarinya ce. Da muka iso gida na tarar an ajiye kwanona a bakin ƙofa, wanda Tasalla ta ara tun azumi. An wanke shi tas, har gindi an goge da toka. Ba saƙo.

Ba ni na sa doka ba. Aiki ne, kowa ya san aiki ne. Damina ma ta kusa, ruwa zai ishi kowa.

Gobe in na je gaida Yaya zan ce masa a sa zana a jikin wayar ta gefen marke. Ta nan yaran unguwa suke taruwa suna leƙe, baƙi ba sa so.