Ragar da Baba ya ɗaura

Aikin farko yau: buɗe bonet kafin rana ta yi zafi.

Yaya, assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafina na yago takardar. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa aikin da ya kai ka nesa ya zama alheri. Mu nan lafiya lau. Inna tana samun sauƙi, ƙafafun sun sace, sai dai har yanzu sau biyu a mako nake kai ta asibiti. Ta ce in gaya maka ka rame a hoton nan da ka turo, ko ba a ba ka abinci ne.

Kawu ya isar mini da saƙonka, cewa a sayar da motar Baba tunda esinta, wato na'urar sanyaya iska, ya mutu, kuma dillali zai zo jibi. Yaya, ban taɓa yi maka musu ba, amma wannan karon ba zan ba da makulli ba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Gaskiya ne esin ya daina sanyi. Ranar da abin ya fi tsanani mun maƙale a cunkoso, Inna ta jiƙe sharkaf da gumi, numfashinta yana sama-sama, ina yi mata fifita da katin asibiti. Na kai wa Dogo bakanike, ya ɗura gas. Bayan kwana huɗu na koma, ya sake ɗurawa. A zuwa na uku ko bonet bai buɗe ba, ya ce kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, ce ta tafi, wai motar ta girme ni, in bar ta ta huta. Ya ƙara da cewa Hajiya, sitiyari ne naki, inji namu ne. Na ja motata na dawo gida.

Ka san halina na rubuce-rubuce, wanda kuke yi mini dariya a kansa tun muna yara. Mako uku ina rubuta duk fitar da muka yi: lokaci, hanya, da yadda iskar take. Da na zauna na duba, sai na ga a buɗaɗɗen titi sanyi yana zuwa, da mun tsaya sai ya ɗauke, allurar zafin inji kuma ta ɗan ɗaga. Na ce a raina, abin da ya mutu ai ba ya farfaɗowa don an taka mota. Duk da haka kwana biyu ina jin kunyar faɗa, don wa ya aike ni, ni da ko sunayen sassan ban gama sani ba.

Yau da safe na kunna mota, na kunna esi, na kasa kunne. Kwamfuresa ta yi ƙas ta kama, fanka tana juyawa. Na shafa ruwan sabulu a mahaɗan bututun esin don neman yoyo, ban ga kumfa ba. Sai na durƙusa na haska ta gaban motar. Yaya, raga ce irin ta taga, an ɗaure ta da waya a gaban kwandansa, wato ƙaramin lagireton nan da ke fitar da zafin esi. Ta toshe ƙam da ƙasa da gashin kaji da busassun ƙwari, ta yi kauri kamar bargo. Ta ina iska za ta wuce?

Na kwance ragar, na kai wa Inna ita a faranti. Ta kalle ta, ta ce ai Baba ne ya sa don ƙwari, duk ƙarshen wata yake kwancewa ya wanke, ita ke miƙa masa ruwa. Ta ɗauka duk mun sani. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ba wanda ya taɓa ta. Mun yi dariya, daga baya kowa ya juya yana share ido.

Na wanke kwandansan a hankali, na bar motar a tsaye, esi a kunne, minti ashirin cikin rana. Inna ta shiga ta zauna, can ta ce in rage, zan sa mata mura.

Ban ce na iya ba. Wataƙila gas ɗin da aka ɗura ya yi yawa, wataƙila akwai yoyon da idona bai gani ba, kuma idan na yi kuskure ni zan fara gaya maka. Amma kai kana can, ni ce nake ɗaga Inna in zaunar da ita, ni na san yadda take isa asibiti in an cusa ta a motar haya. Don haka ka kira Kawu ka janye maganar. In ba ka kira ba, ni zan tare dillalin a ƙofar gida, da ladabi, in sallame shi.

Ka gaishe mini da Anti, da ’yan biyu, da Auta mai ƙiriniya. Gwaggo da maigidana suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai taurin kai.

Na gobe, kada in manta:
Sayen sabuwar raga da waya.
Zuwa wurin Dogo ya auna gas, a gabana.
Kai Inna asibiti ƙarfe tara, gilasai a rufe.