Kabad ɗin da Hamani Bai Gama Ba

Asabar, 6 ga Yuli 1991, Malbaza
Lakwal ta tashi hutu, na sallami ɗalibaina. Yau na buɗe ɗakin katakon mijina Hamani, karon farko tun rasuwarshi. Wata bakwai ke nan. Shekara goma sha tara yana aikin kamfanin siminti, ran Lahadi kuma ya shige nan, ba don sana'a ba, don so kawai. Kabad ɗin maɗacin da ya fara wa ɗiyarmu Asma'u yana tsaye, ba ƙofofi. Bikinta ƙarshen Satumba. Ƙasa kawai na share, ban matsar da komai ba.

Lahadi, 7 ga Yuli
Yaya Baƙo, wan Hamani, ya zo daga Alela. Wai akwai kafinta da zai kwashi kayan aikin duka, a raba wa magada kuɗin. Na ce a bari in gama kabad tukun.
"Ke, Malama? Da hannun alli?"
Na ce i, da hannun allin.
Ya dubi kabad ɗin. Ya ce ya ba ni zuwa biki, in kabad bai tashi ba a sayar da kayan aikin, magana ta ƙare.

Laraba, 10 ga Yuli
Kasuwar Konni. Na nemi Malam Munkaila, tsohon kafintan da Hamani ke zuwa wurinshi shawara. Na zaci zai kore ni. Tabarma ya shimfiɗa mani. Ya ce mijina ba ya haɗa katako da ƙusa, rami yake fafewa a wannan, ya fiƙe harshe a wancan, su shige juna. "Maɗaci ba ya son gaggawa, ɗiyata. Koyi wasa kurfi, ƙarfen fafe ramin, sannan ki dawo."

Lahadi, 21 ga Yuli
Kwana goma ina wasa kurfi a dutse. Yau ya aske gashin hannuna.

Alhamis, 1 ga Agusta
Na ɓata katako guda. Ramin ya yi faɗi, harshen na rawa ciki. Na zauna na yi kuka, ba na katakon ba ne kaɗai. Saura uku, biyu nake bukata.

Lahadi, 4 ga Agusta
Asma'u ta zo daga Tawa, inda take aikin asibiti. Ta ga yatsana ɗaure da tsumma, ta kwance ta wanke. "Inna, ki bari. Mu sayo na kanti daga Sakkwato, ko'ina ana maganarki." Na ce maganar me? Wai bazawara ta koma kafinta. Na ce su ƙara da cewa ba ta iya ba tukun. Ta yi dariya, sannan ta dafa kabad ɗin. Ba ta sake zancen Sakkwato ba.

Talata, 13 ga Agusta
Rabin wuni ina neman ƙaramin zarto, ashe yana ƙarƙashin buhu. Allah ya jiƙanka Hamani, amma kai kaɗai ka san kan wanga ɗaki. Na kafa ƙusoshi a bango, na rataye komai, na zagaye kowanne da alli don in san gurbinshi. Dole ce ta sa.

Juma'a, 30 ga Agusta
Ƙofofi biyu sun tashi. Amma ruwan da anka kwana biyu ana yi ya kumbura ta hagu, ta ƙi rufuwa. Na koma wurin Malam Munkaila. Ya ce kada in rage da yawa, in rani ya zo za ta koma, sai in samu giɓi. Kaurin takarda kawai. Na rage kaurin takarda. Ta rufu.

Asabar, 21 ga Satumba
Yaya Baƙo ya zo. Ya buɗe ƙofar dama ya rufe, ya buɗe ta hagu ya rufe, har sau uku. Ya duƙa yana shafa mahaɗin.
"Wacce ce ya bari, wacce kinka yi?"
Na ce duka biyun ni ce.
Ya miƙe, ya juya baya yana gyara hula. Can ya ce yana da kujerar da ƙafarta ta karye, in an gama biki zai aiko. Bai ambaci sayarwa ba, ni ma ban tuna mishi ba.

Lahadi, 29 ga Satumba
An kai amarya, kabad ya bi ta a mota, naɗe da barguna. Gida tsit. Na shiga ɗakin da niyyar kullewa. Teburin aikin ya yi mani tsawo, shi ke sa ni ciwon baya. Na auna, na yanke yatsa huɗu daga kowace ƙafa. Sai da ta huɗun ta faɗi na tuna Hamani ya yi teburin, daidai tsayinshi. Na tsaya kaɗan. Sannan na share garin katakon.
Katako guda ya rage. Ajina ba shi da wurin ajiye littattafai.