Hannun da Ke Gina Kwanukan Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare mana ku. Mu ma lafiya lau, Auta ta gama jarrabawa, ƙafar Kawu kuma ta yi sauƙi.

Yaya, abin da na gani ranar Talata har yau bai sake ni ba. Na shiga ɗakin aikin Baba da hantsi don in kai masa saƙo, sai na tarar da Mama zaune gaban faifan da ake juya yumɓu, hannuwanta dumu-dumu, tana ɗaga wuyan butar shayi kamar a kan aikin aka haife ta. Baba kuwa yana gefe kan benci, hannuwansa a cinya sai karkarwa suke. Na daskare a bakin ƙofa, ko sallamar ban ƙarasa ba.

Baba ya ce in rufe ƙofa in zauna. Wai shekara uku ke nan hannunsa ba ya riƙe yumɓu, shi ya sa ma ya daina cin abinci tare da mu. Duk kwanukan nan da ake yabo, ana cewa tsufa ya ƙara masa gwaninta, Mama ce ta gina su. Shi nasa haɗa ruwan ƙyallin da ake shafa wa kwanukan, da lura da wutar tanderu, da buga hatiminsa a gindi. Zanen igiyar ruwan nan da wani malamin zane ya rubuta cewa a littattafan ƙasashen waje Baba ya samo shi, ashe a bakin mayafin kakarmu Mama ta kwaikwayo. Na tambaye ta yaushe ta koya, ta ce shekara talatin tana share ɗakin, ai ba makauniya ba ce.

Yanzu ga inda muke. Baba ya ƙi asibiti. Ya kuma rantse a baje kolin wata mai zuwa zai tashi gaban jama'a ya faɗi gaskiya. Mama ta ce in ya yi haka ita da yumɓu har abada, don ba suna ta nema ba, rufin asirin mijinta ta yi. Kwana uku ba sa yi wa juna magana, amma kullum da safe tare suke buɗe ɗakin.

Don Allah ka kira shi, kai kaɗai yake saurara. Ka fara da maganar asibiti.

Ka gaida Anti da ƴan biyu. Goggo da Kawu suna gaishe ku.

Taka,
Ƙanwarka