Furen da Ke Gaban Motar Baban Ilham

Kintamani, 4 ga Rajab

Yaya Nengah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya yara? Mu nan lafiya, sai sanyin dutse.

Yaya, abin da zan faɗa miki ban gaya wa kowa ba. Kin san mijina, Baban Ilham, yana ɗaukar baƙi a motarsa ya kai su kallon Dutsen Batur da ƙauyuka. Yau kwana tara, kullum ya dawo sai in ga ɗan faifan ganyen kwakwa a gaban sitiyari, da fure da shinkafa da guntun turare, irin wanda maƙwabta ke ajiye wa abin bautarsu. Da asuba na duba, babu sabo. Da la'asar ga shi. Na tambaye shi, ya ce, "Ke dai kawo kofi, Malama, kin cika bincike." Bai kalle ni ba.

Shekara ashirin da musuluntarsa. Bai fasa salla ba, amma na koma kallon leɓensa in yana yi, Allah ya yafe mini. In ya koma addinin gidansu, babu aure tsakaninmu, haka muka karanta. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Ketut Sariyah

Kintamani, 11 ga Rajab

Yaya Nengah,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Na yi abin kunya: na hau motar haya na bi shi. Ashe ƙauyensu yake kai baƙin, inda na ɗauka bai taka ba tun aurenmu. Suka ɗaura zani suka shiga ɗakin bauta, ni kuwa ina jiran ya bi su. Bai bi ba. Ya sauke gilashin mota, ya koma rumfar mai lemo ya juya baya.

Sai ga tsohuwa a duƙe, ta zura hannu ta ajiye faifan, ta shafa kujerarsa, ta tafi. Yaya, mahaifiyarsa ce, wadda ta rantse ba ita ba shi tun da ya musulunta. Ashe ta ji wata motar baƙi ta kife a dutsen watan jiya, shi ne take nema masa tsari.

A gida na faɗa masa na gani. Ya ce, "Ban sa ba, ban roƙa ba. Amma shekara ashirin, wannan ce maganarta ta farko. In jefar a kwata?" Ki tambayar mini Malaminmu hukuncin barin faifan a motar, amma kada ki kama suna.

Jiya na dafa kaza, tunda mutanen gidansu ba sa cin saniya, na sa a kwano na ajiye mata a kujerar. Kwanon ya dawo a wanke, cike da lemo.

Ki gaida mutan gida duka.

Ƙanwarki,
Ketut Sariyah