Bakinka Ne Ya Cinye Diyyar Marayu

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ta wajaba a kan ƙanwa, ni ce Hauwa, daga Jidda. Labari ya iso mini cewa ciwo ya kwantar da kai a can Sudan, kuma kana cigiyata. To ga ni. Amma sai ka saurari abin da na haɗiye shekara da shekaru.

Ka tuna shekarar da buhunan shinkafa suka danne mijina Idi a tashar jiragen ruwa. Ina fita takaba na shiga neman ɗaki, ni da yara uku. Kai ka raka ni unguwar Bani Malik wurin wani mai gida, don ya ce ba ya ciniki da mace sai da namiji a gaba.

Ya nemi iƙama, takardar izinin zama, na miƙa. Ya nemi kuɗin wata shida, na biya. Sai ya gyara zama, wai in faɗa masa nawa nake samu a tuwon da nake sayar wa 'yan dako, nawa aka ba ni diyyar Idi, kuma ina na ajiye. Na ce masa ɗaki na zo kamawa, ba bashi na zo ci ba.

Kai kuwa ka yi dariyar nan taka ta son a yabe ka, ka zayyana masa komai da Larabci, har awarwaron da Inna ta bar mini. Ina taka maka ƙafa, kana janyewa. A hanya ka ce wai don ya amince da mu ne.

Ya amince kuwa! Duk sabuwar shekara sai ƙarin haya, maƙwabtana ko rabinsa ba a ɗora musu. In na yi ƙorafi ya ce ai ya san akwai. Kuɗin da na ware in saya wa marayu ɗan fili, a shekara huɗu haya ta lashe su tas. Awarwaro ma ya bi.

Da na kai kuka wurin umda, mai unguwarmu, ya ce tunda na biya, mai gida ba shi da hurumin leƙa akwatina. Sannan ya tambaye ni wa ya buɗe masa. Na sunkuyar da kai, Yaya. Na kasa kiran sunanka a gaban mutane. Ranar da nake ɗaure kwanuka zan bar gidan, kai kana cikin jirgin Sudan, ko sallama babu.

Inna takan ce baki shi ke yanka wuya. Naka bai yanka naka ba, namu ya yanka.

Ba zan ce na huce ba, ban saba yi maka ƙarya ba. Sai dai kai ne ka goyo ni daga jirgi ranar da muka sauka garin nan ina fama da zazzaɓi, ka hana kanka ruwa ka ba ni. Wannan ma ya ƙi barin zuciyata.

Ba na son komai naka. Ka sa a rubuto mini layi ɗaya, ka ce ka yi kuskure. Sauran ka bar ni da Ubangijina.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara, kada ya ɗauki ɗayanmu da nauyin ɗan'uwansa.

Ƙanwarka duk da haka,
Hauwa