Yaya Kaltume, Kwamfuta Ta Fara Faɗa Min Abin da Na Kwafa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Kaltume.

Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, ina rubuto miki daga ofishin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a nan Haɗejiya. Damina biyu ke nan da rasuwarki. Na san wasiƙar ba za ta iske ki ba, a shafina na intanet zan saka ta. Amma ke ce kika fi cancanta ki ji wannan labari.

Kin san aikina bai canja ba tun da hawan jinin ido ya tafi da ganina: ni ke tura wa manoma saƙonnin waya daga kwamfuta. Sakatare ya rubuto, in kwafa, in manna, in tura wa garin da ya dace. Da kin tashi daga makarantar da kike koyarwa sai ki biyo, ki zauna a benci, ki leƙa allo. "Tsaya, Bukar, ba shi ba ne," ko kuma, "Tura." Iyakar maganarki ke nan.

Da kika tafi, sai na dogara kacokan ga manhajar nan da ke karanta wa makafi rubutun kan allo. Tana aikinta. Sai dai in na kwafi abu, yadda nake amfani da ita, ba ta gaya min me kwamfuta ta riƙe. Ni kuma na saba da sauri, na daina bin akwatin saƙo ina saurare kafin in tura.

A ƙarshen daminar bara aka sanar da mu an sako ruwa daga madatsa. Saƙo biyu ne a gabana. Ɗaya na mutanen Guri, su kwashe shinkafar da suka yanke daga bakin kogi. Ɗaya na Kafin Hausa, gayyatar taro kan irin shuka. Na tura na taron, na koma na kwafi na ruwa, ashe yatsana ya zame, bai kwafu ba. Mutanen Guri suka sami gayyatar taro.

Sai bayan kwana biyu aka gane. Yawancinsu sun ji a rediyo. Malam Idi, dattijon da gonarsa ke can ƙurya cikin fadama, bai ji ba. Ruwa ya tafi da damman shinkafarsa.

Shugaban ƙungiya bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Bukar, ba mu ce ka yi da gangan ba. Amma wannan aiki, rayuwar mutane ce a ciki." Na gane inda ya dosa. Na roƙi a ba ni mako biyu in nemo mafita.

Akwai Malama Yagana a Malam Madori, makauniya ce ita ma, tana koyar da kwamfuta. Ita ta gaya min manhajar na karɓar ƙarin umarni in mutum ya iya rubuta mata. Ta riƙa turo min saƙon murya, ina saurare ina bugawa. Abin da nake so kaɗan ne: in danna maɓalli uku tare, ta faɗi abin da na kwafa.

Layukan umarnin ba su kai ashirin ba, amma sun ci min kwana tara. A irin wannan rubutu, tazarar da ke farkon kowane layi ma tana da ma'ana, ni kuwa ba na ganin tazara. Na sa manhajar ta riƙa ƙirga min ita. Sau da yawa in danna, shiru. Da ta fara magana kuma sai ta ƙi tsayawa: na kwafi sunayen 'yan ƙungiya gaba ɗaya, ta kama karantowa har sai da na kashe lasifika. Na ƙara layi, in rubutu ya yi tsawo ta faɗi farkonsa kawai. In kuma babu komai, ta ce babu komai.

Muryar ta Bature ce, Yaya. Haruffa masu ƙugiya tsallake su take yi, sunan garinmu ma ba ta iya shi ba. Da kina nan da kin yi dariya har da riƙe ciki. Ni dai na saba, ina gane ta.

Ranar da ta daidaita, na nemi abin gwaji. Na shiga tsofaffin saƙonni na kwafi ɗaya ba tare da na bi ta kansa ba, na danna. Sai ta karanto: "Yau ba zan biyo ba, kaina na ciwo. Kada ka tura komai sai Sakatare ya duba maka. Ka ci abinci." Naki ne, na ƙarshe. Na danna sau huɗu. Daga nan na tashi na yi alwala.

Shugaba ya zo ya zauna, ya sa na yi a gabansa. Ya saurara, ya ce in ci gaba da aikina. Ni na ƙara da kaina cewa saƙon ruwa sai Sakatare ya ji kafin ya fita.

Bayan haka na hau mota zuwa Guri. Malam Idi yana gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida, na durƙusa na faɗa masa ni ne na yi kuskuren. Ya ci gaba da gyaransa, ina jin ƙarar zare. Can ya ce, "Shinkafa dai ta tafi, ɗana." Sannan ya ce, "Ka ƙara da lambar uwargidana a cikin na'urar taka. Wayata ba kullum take da caji ba."

Na saka, Yaya. Ita nake fara tura wa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa idanun da kika ara min shekara bakwai su zame miki haske a can. Allah Ya mayar wa Malam Idi da mafi alheri, Ya haɗa mu a Aljanna, inda zan ga fuskarki da idona.

Ƙaninki,
Bukar